Tawali'u ba ya hana mace ƙarfin hali

Yana damuna yadda ake yawan cewa mace Kirista mai tawali'u ita ce wadda take yin shiru, ba ta fitowa fili da bukatarta. Masu faɗin haka girman kai suke gudu, kuma niyyarsu mai kyau ce. Amma tawali'u shi ne mutum ya san bukatarsa ga Allah, wannan sanin kuwa shi yake kawar da tsoron idon jama'a. A Luka 7:36-50, wata mace da aka sani da zunubi ta shiga gidan Siman Bafarisiye, ta jiƙe ƙafafun Yesu da hawaye, ta goge su da gashinta. Siman ya raina ta a zuciyarsa, amma Yesu ya shaida a gaban baƙi cewa an gafarta mata, ya kuma yaba bangaskiyarta.