Ba wanda ya biya yaran nan

Wannan muryar da ake ta turawa a WhatsApp tun jiya ta ɓata mini rai ƙwarai. Wai samarin da ke fita aikin agaji bayan ambaliya ba don Allah suke yi ba, akwai abin da ake sa masu a aljihu. Malam, ka ji tsoron Allah. Wa ya biya su? Nawa? A ina?

Ranar Juma'a 30 ga Agustan 2024, ruwan da ya kai milimita 150 ya sauka a Maradi cikin awa ɗaya da rabi, aka rasa rai 15. Wa ya fara shiga ruwan nan? 'Yan fada ne, masu zaman shayi da muke zagi kullum muna ce masu zauna-gari-banza. Su suka tone katangun laka da shebur da hannu, suka goyo tsofaffi, suka kwashe yara da tabarmi zuwa azuzuwan lakwal. Ɗan kabu-kabu ya ƙona mansa yana kai mutane likita bai karɓi ko dala ba. Mata suka ɗora tukwane da hatsin gidajensu. Ba wanda ya biya su.

Za a ce ai akwai ƙungiyoyin da ke ba da kuɗin abinci da na mota. To, sai me? Wanda ya wuni cikin taɓo, ƙusa ta soke shi a ƙafa, ya koma gida da masassara, jika ɗaya ko biyu ce ladarsa? Kuma yawancinsu ko wannan ba su gani ba, don ba su da rajista da kowa, unguwarsu ce kawai ta rushe. Za a ce suna ɗaukar hoto. Su ɗauka! Da hoton nan 'yan uwanmu da ke Kano da Yamai suka ga halin da ake ciki har suka turo taimako.

Wannan hali ba baƙo ba ne a wurinmu. A 1945 Gulbi ya cinye tsohon gari, shi ya sa Maradi ta hau tudu inda take yanzu. Mutanen da suka san gayya, suka saba taruwa su nome gonar maƙwabci ko su yaɓe masa ɗaki, jikokinsu ne waɗannan. A daminar 2024 sama da mutum 300 suka rasu a Nijar, fiye da miliyan ɗaya ruwa ya shafa, kuma jiharmu na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Har komawa makaranta sai da aka ɗaga zuwa 28 ga Oktoba. Wace gwamnati, wace ƙungiya ce za ta iya biyan hannuwan da aiki irin wannan ke bukata?

Abin da ke ba ni tsoro shi ne yaro ya ji ana kiransa mai neman kuɗi, zuciyarsa ta mutu, baɗi ruwa ya zo ya ce ba ruwansa. Ƙannena, don Allah kada ku karaya. Allah ya saka maku da alheri, ya ji ƙan iyayenku.

Sannan ku masu zuba shara da leda cikin magudanan ruwa, tun ma dai kewayen babbar kasuwa, kuna ganin hadari ya haɗu sai ku aiki yara da kwandon shara wai ruwa ya tafi da ita. Ina za ta? Gidan na ƙasa da ku za ta toshe. Masu unguwa, ku sa baki a wannan tun da rani.