Ba yara kaɗai waya ta kama ba

Daren Juma'ar da ta gabata na zauna teburin wani mai shayi a unguwar Jekadafari da ke Gombe, mu bakwai a kan benci. Sau biyu mai shayin yana cewa, "Alhaji, shayinka fa ya huce," kafin dattijon da ke gefena ya ɗago kai. Fuskar kowa hasken waya ne, babban yatsa na ta shafar gilashi daga ƙasa zuwa sama. A kan irin wannan bencin ne a da ake musun ƙwallo da siyasa har murya ta dishe.

Dattijon nan na cikin masu cewa waya ta lalata yaran yanzu, kuma ban ce ya yi ƙarya ba. Sai dai abin da ya kama yaron shi ya kama uban. Muddin muna ɗaukar lamarin a matsayin rashin tarbiyya kawai, za mu yi ta faɗa, wayar kuma tana ci gaba da aikinta.

Da gangan aka ƙera ta haka. Jarida tana da shafin ƙarshe, labaran rediyo mai karantawa yakan yi sallama, kaset yakan ƙare. A 2006 wani injiniya a Amurka, Aza Raskin, ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa: kana ja, sabo na fitowa. An cire gaɓar da mutum zai tsaya ya ce ya isa. Shi kansa daga baya ya fito ya nuna nadama. Tun kafin nan, a shekarun 1950, masanin halayya B.F. Skinner ya gwada tantabaru, ya ga cewa idan hatsi yana fitowa wani sa'in, wani sa'in babu, ba tare da tsari ba, tsuntsun ya fi naci wajen caccakar maɓallin. Dabarar caca ke nan, kuma ita ce a TikTok da Facebook: bidiyo biyar shirme ne, na shida ya sa ka dariya, sai ka ci gaba da neman na gaba har ƙarfe biyun dare. Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya faɗa a 2017 cewa sun san suna amfani da wani rauni ne a ɗabi'ar ɗan Adam, kuma suka yi.

Mu kuma da kuɗinmu muke shiga. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. An yi ƙorafi, an ci gaba da saye. Magidancin da zai yi ciniki mai zafi a kan mudun shinkafa ba ya bari datarsa ta kwana a ƙare. Ranar da babu wuta, je ka ga yadda ake tsaye a kan mai cajin waya, wani bai ma jira ta kai rabi ba ya ce a ciro masa. Ga makarar asuba. Ga matar da ke magana mijinta na amsa "uhm" bai ji ko kalma ɗaya ba. Wannan ya fi ci mini rai, domin yaro na zaune yana kallo.

Ba na cikin masu cewa a jefar da waya. Ɗan kasuwa a Tudun Hatsi da ita yake jin farashin masara kafin ya ɗora kaya a mota, matan aure da dama da WhatsApp suke sayar da atamfa da turaren wuta daga ɗakinsu. Inda za a gane an wuce gona da iri, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da shi a 2019, lokacin da ta sa jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka, zai taimaka: mutum ya kasa tsayawa, abin ya sha gaban sauran lamuransa, kuma ya ci gaba alhali yana ganin cutarwar.

Ostireliya ta yi doka a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafin sada zumunta. Mu ko an yi irinta, ba za ta shiga ɗakin kwanan maigida ba. Kuma niyya kaɗai ba ta ja da na'urar da dubban injiniyoyi suka zauna suka tsara. Abin da ke aiki shi ne nisanta ta da hannu. A kashe ƙarar sanarwa, ban da ta kiran waya. A sayi agogon tebur don tashin asuba, wayar ta kwana a falo. In an shimfiɗa tabarmar cin abinci, a ajiye wayoyi a kan taga, kuma ta maigida ce za ta fara hawa.