Ba rashin ilimi ne ya sa mutane fushi ba

Shekaranjiya da dare ina teburin mai shayi a Tudun Wada, rediyo na kunne, wani ɗan siyasa yana ta yabon yarjejeniyar ciniki ba shinge ta ƙasashen Afirka, wadda ake ce wa AfCFTA. Ya ce kasuwa ce ta mutum sama da biliyan ɗaya, arziki na nan tafe. Da aka buɗe layin waya, kusan duk wanda ya bugo faɗa ya yi masa. Sai wani matashi a gefena ya ce, "Mutanenmu ba su san tattalin arziki ba, shi ya sa." Ban tanka ba, amma maganar ta kwana tana ci mini rai.

Ƙanena na teburin mai shayi, in wannan rubutu ya iso gare ka, ka saurare ni. Mahaifinmu manomin auduga ne. Ina yaro na sha bin sa fuloti, a auna, a biya shi, a kwaso audugar zuwa gidan gurza nan Zariya. Da kuɗin ake yi mana ɗinkin sallah. A 1986, lokacin shirin gyaran tattalin arziki (SAP) na gwamnatin Babangida, aka rushe hukumar sayen auduga, aka ce kasuwa za ta daidaita kanta. Kawuna kuma shekara goma sha tara ya yi a wata masaƙa a Kakuri, Kaduna. Da atamfar waje mai araha ta cika gari, wuta ba ta tsayawa, baƙin mai ya yi tsada, sai aka rufe. Ya dawo gida da iyalinsa da 'yan komatsai a bayan a-kori-kura. Kaduna da ta fara saƙa tun 1957, zamanin Sardauna, yau je ka ga yadda ciyawa ta cinye harabar masaƙunta. Mutanen da ka ji suna bugo waya, irin waɗannan ne da 'ya'yansu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ni fa ba na adawa da ciniki tsakanin ƙasashen Afirka. Ta yaya Bahaushe zai ƙi fatauci? Kakanninmu da jakuna suka riƙa kai kanwa da fata da rinannen yadi Gwanja su dawo da goro, tun babu fasfo babu kwastan. Zangon Kumasi shaida ne. Albasarmu, barkononmu, cittar kudancin Kaduna, babbar riga mai aska takwas ɗinkin cikin birni, duk suna da masu so daga Yamai har Ndjamena. In an rage shingaye da karɓe-karɓen hanya, mu ma za mu ci.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda shugabanni suka tafiyar da lamarin. A watan Maris na 2018, da ƙasashe 44 suka sa hannu a Kigali, marigayi Buhari fasa tafiyar ya yi, saboda ƙungiyar ƙwadago ta NLC da masu masana'antu sun ce ba a tuntuɓe su ba. Wannan ya yi daidai. Ranar 7 ga Yuli 2019 ya sa hannu a Yamai. Wata na zagayowa, a Agusta, aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Ranar 1 ga Janairu 2021 kuma aka ce ciniki ƙarƙashin yarjejeniyar ya fara. To ɗan kasuwar Sabon Gari da kayansa suka maƙale a bakin iyaka wata da watanni, wanne zai kama? An buɗe ne ko an rufe?

Yarjejeniyar ta ce a hankali za a cire haraji a kan kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya, kashi 7 a ba su dogon lokaci, kashi 3 ƙasa na iya kare su gaba ɗaya. Wa ya taɓa zuwa Soba ko Giwa ko Maƙarfi ya zauna da manoma ya gaya musu, da Hausa, a wane rukuni masara take, a wane shinkafa take? Ni ban gani ba. Kuma sauƙin harajin na kayan da aka noma ko aka ƙera a Afirka ne kawai. A takarda ke nan. Mu kuwa mun san shinkafar Tailan da Indiya da ke sauka a Kwatano ta biyo daji ta shigo. Me zai hana gobe a sauya mata buhu a ce a maƙwabta aka noma ta? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, namu bangon kuwa ya daɗe da tsagewa.

Ga mai injin casar shinkafa da ke sayen gas kullum don wuta ba ta zuwa, an ce ya yi gogayya da masana'antun Masar da Maroko da Afirka ta Kudu. Ga kuma abin da ya faru bayan Yulin 2024, da gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa na kwana 150. Na sani wannan ba ya cikin yarjejeniyar, kuma masu saye da kwano sun ɗan numfasa, ni ma ina cikinsu. Amma manomi ya ga buhun masara ya faɗi, buhun taki yana nan inda yake. Shi a wurinsa duk maganar "buɗe ƙofa" ce, kuma ya ɗanɗana ta a aljihunsa. Manoman masara a Meziko sun sha irin wannan bayan yarjejeniyar cinikin ƙasarsu da Amurka ta fara aiki a 1994.

Muna da cibiyar binciken noma a Samaru da ta fitar da irin auduga da na masara, muna da cibiyar fasahar fata, muna da malamai a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da za su iya warware mana takardar nan shafi-shafi. Duk wakilin da ya goyi bayan yarjejeniyar, ya zo ya tara mu da su a zaure ɗaya, ya amsa tambayoyi ido da ido, ya daina aiko mana da yabo ta rediyo.

Jiya na je gaida Kawu a Kofar Doka, na ba shi labarin. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, ka tambayo mini su, wa zai tsare bakin iyaka, kuma yaushe za a kawo wuta?"