Lokacin aikawa ba ado ba ne

Labarinku ya ɗauki rubuta lokacin aikawa a saƙon tangarahon ƙarƙashin teku kamar ƙa'idar ofis kawai. Ni kam ban yarda ba. Ku dubi ɗan kasuwar auduga a New York bayan an shimfiɗa wayar tangaraho da ta ratsa Tekun Atlantika a 1866. Farashin auduga na kasuwar Liverpool ta Ingila ya iso hannunsa, to na safiyar yau ne ko na jiya da yamma? In takardar ba ta faɗa ba, sai ya zuba kuɗinsa kan tsohon farashi, ya tafka asara. Ga kuma agogon Landan yana gaban na New York da kusan awa biyar. Rikicin agogo irin wannan na cikin dalilan taron ƙasashe na Washington a 1884, inda aka zaɓi Greenwich da ke Landan a matsayin ma'aunin lokaci na duniya.