A koya wa ɗalibai kula da tsoho tun suna aji

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman malaman makarantu da iyayen yara a Zangunan Kumasi. Akwai wani darasi da ba ma koya wa yaranmu, kuma rashinsa ya fara nuna kansa a gidajenmu.

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama a Ghana sun kusa miliyan 2, alhali a 1960 dubu 200 ne da 'yan kai. Allah Ya ƙara mana tsawon rai, amma su wa za su riƙe waɗannan tsofaffi? Yaran da ke zaune a gabanmu a aji ne. Ni malami ne, na san abin da muke ba su: zanen zuciya, sunayen cututtuka, haddar jarrabawa. Yaro zai kawo maka alamomin hawan jini tiryan-tiryan, ya koma gida ya wuce kakarsa a zaune bai lura ƙafarta ta kumbura ba.

Tun 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lafiya ba rashin ciwo kaɗai ba ce, ta haɗa jiki da hankali da zaman mutum cikin jama'a. Wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san haka ko bai je makaranta ba. Akwai wata Hajiya a gidan haya a Aboabo, 'ya'yanta suna ƙasar waje, kuɗi na shigo mata ta waya duk wata, magani cike da leda a ƙarƙashin matashi. Amma kullum jiri. Sai da wata jikar maƙwabta ta zauna da ita aka gane ta rage shan ruwa da gangan, don banɗaki na can ƙarshen gida, ga duhu, ga santsi, tana tsoron faɗuwa. Haƙoranta sun zube, nama ya gagare ta, daga koko sai koko, da suga cokali cokali. Maganin hawan jinin kuwa sai ranar da kai ya sara take sha. Wace allura ce za ta gyara wannan? Fitila ake buƙata, da ƙarfen riƙewa a banɗaki, da abinci mai laushi mai gina jiki, da wanda zai zauna ya yi hira da ita bayan la'asar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gigin tsufa. Tsohuwa ta fara mantuwa, ta fita tsakar dare, ta kira sunan matattu, sai a fara raɗe-raɗin mayya ce. A 2020 aka kashe wata tsohuwa 'yar shekara 90 a garin Kafaba da ke arewacin Ghana da duka, a bainar jama'a, kan zargin maita. Ƙwaƙwalwa na ciwo kamar yadda gwiwa ke ciwo. Da an faɗa wa yara wannan tun suna ƙanana, wallahi da an samu ko mutum ɗaya da zai ce a kai irin wannan uwa asibiti.

Wani zai ce ai addini ya riga ya koya mana. Gaskiya ne, duk ɗan makaranta ya san ayar Suratul Isra'i da ta hana ce wa iyaye ko "uf". Sai dai ladabi daban, iya jinya daban. Yaro mai tarbiyya zai durƙusa ya gaida Baba, amma bai san karkacewar baki da sarƙewar harshe alamar shanyewar ɓarin jiki ce ba, kuma a lokacin ba tofi kaɗai za a tsaya yi ba, mota za a nema a garzaya asibitin Komfo Anokye ko mafi kusa. Bai san mai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya ta NHIS ba, shi ya sa katin tsofaffi da yawa ya mutu a aljihu ba wanda ya sabunta. Bai san shirin LEAP na tallafa wa marasa galihu masu shekara 65 zuwa sama ba.

Ƙasar nan tana da manufar kula da tsofaffi a rubuce tun 2010, amma ba sai mun jira Accra ta sauya manhaja ba. Malaman islamiyya, ranar Asabar ku ware rabin sa'a, ku gayyato nas ɗin unguwa ta nuna wa yara yadda ake auna jini da yadda ake ɗaga marar lafiya daga tabarma ba a ji masa ciwo ba. Mu na boko mu ba kowane ɗalibi aikin gida: ya je wurin tsoho ɗaya, ya tambaye shi me ya ci yau, yaya barci, wa ya leƙo shi a makon nan, ya rubuto. Kuma ina roƙo, kada a bar wa 'yan mata kaɗai, samari ma su je. Ni da ajina za mu fara a wannan zangon karatu, in sha Allah. Malamin da ke son mu haɗa kai ya yi mini magana.