Matsafan teku da matsafan hadari: wanda ya fi tayar min da hankali

Ɗiyar yayata ce ta fara nuna min su, wata Asabar da ta zo gaishe ni. Ta miƙo min waya tace "Kawu dan Allah kalli wannan, wai mayu ne fa, kuma su da bakinsu suke faɗa." Bidiyo biyu ne a TikTok. A na farko wata Baturiya ce da ba za ta wuce shekara 25 ba, tana durƙushe a bakin teku da sassafe ƙafa ba takalmi, ta jera 'yan ƙwansunan katantanwa da wani dutse mai huda a tsakiya, ta sa yatsa ta rubuta wata kalma a jiƙaƙƙen yashi sannan ta ja baya ta zauna tana jira igiyar ruwa ta zo ta share rubutun. A na biyu wata ce a barandar bene, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska na wasa da gashinta, ta ajiye kwalba a buɗe tana tarar ruwan sama, hannunta riƙe da igiya tana ƙullawa tana fito. Yarinyar nan tace "toh Kawu meye bambancinsu, ai duk ɗaya ne." Ni kuma tun ranar nake juya maganar, kuma ina ganin ba ɗaya bane.

Kalmar ma sai mun gyara tukuna. A wajenmu maye shi ne mai kama kurwa, kuma ba wanda yake fitowa kasuwa yace ni ne. Abinda waɗannan suke yi ya fi kusa da tsafi, suna kunna kyandir, suna kiran wasu abubuwan bauta, suna haɗa gishiri da ganye da ruwa, dan haka matsafa zan kira su. Abin ya samu sakewa ne a Ingila bayan an soke dokar hana maita ta 1735 a shekarar 1951, sai wani tsohon ma'aikacin mulkin mallaka mai suna Gerald Gardner ya fito fili a 1954 da addinin tsafin da daga baya aka sani da Wicca. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales mutum wajen 74,000 sun rubuta cewa addinin gargajiyar Turai suke bi, wasu wajen 13,000 kuma suka rubuta Wicca. Intanet ce ta zo ta yanyanka su gida gida, ga na kicin, ga na ganye, ga na teku, ga na hadari, kowa da lakabinsa da kayan da ake sayar masa.

Ta fuskar aƙida bani da wani kwane kwane, duka biyun shirka ne a wajena kuma ban ɓoye wa yarinyar ba. Ƙulle ƙullen igiyar nan ma ai kullum muna neman tsari da masu tofi a cikinsa idan muka karanta Falaƙi. Kuma hadisin Hudaibiyya sananne ne, da aka kwana ana ruwa Annabi (SAW) ya juyo bayan sallar asuba ya raba mutane biyu, wanda yace an mana ruwa da falalar Allah da rahamarsa, da wanda yace an mana ruwa saboda tauraro kaza. Wannan a rufe yake. Amma akwai wata tambaya daban da marubuci ya kamata ya yi, wato a cikin abubuwa biyu marasa tushe wanne ne ya fi cutar da mutanen da ba ruwansu da shi. A nan ne nake ganin tsafin hadari ya yi wa na teku nisa.

Matsafiyar teku, idan ka bi abinda take faɗa, rabin aikinta jadawali ne. Teku yana cikowa yana janyewa kusan sau biyu a yini, tsakanin cikowa da cikowa wajen awa 12 da minti 25, kuma wata ne yake jansa, shi yasa cikowar take fi ƙarfi a lokacin sabon wata da kuma daren sha huɗu. A mashigin ruwan Bristol na Birtaniya bambancin cika da janyewa yana haura mita 12, dan haka wanda ya tashi a irin wannan gaɓa dole abin ya shiga ransa. Ita sai ta ɗora nata a kai, tace idan ruwa na cikowa lokacin jawo alheri ne, idan yana janyewa lokacin rabuwa da damuwa ne, ta rubuta sunan abinda ke damunta a yashi ruwa ya tafi da shi. Bata ce ita ta kawo ruwan ba, kuma ba zata iya faɗa ba tunda duk mai jirgin kamun kifi yana da jadawalin a aljihu. Iƙirarinta a kanta yake tsayawa, zuciyarta, aurenta, tsoronta. Idan bai yi aiki ba ita ta yi asara.

Ba wanke su nake ba fa. Cikinsu akwai masu jefa kwalabe da kakin kyandir a ruwan da suke cewa suna girmamawa, ko da yake wasunsu suna fita tsintar leda a gaɓa suna cewa ibada ce. Sannan akwai ɗibar kayan mutane ba sallama, zaka ji yarinya a Kalifoniya tana kiran abubuwan bautar ruwa na Afirka irin su Yemoja da Mami Wata kamar ta gada, alhali Yemoja a ƙasar Yarabawa da kogin Ogun aka santa, bayi ne suka ƙetara da ita Brazil inda har yau ake mata biki a garin Salvador ranar 2 ga Fabrairu. Na hadarin ma haka suke ɗaukar Oya, wadda Yarabawa suke dangantawa da guguwa da kogin Kwara. Wannan laifin duka biyun suna da shi.

Matsafiyar hadari ita ma tana da nata kayan, ruwan sama da aka tara ranar tsawa a rubuta kwanan wata a jikin kwalba, gashin tsuntsu, fito dan kiran iska, da igiya mai ƙulli uku. Igiyar nan tsohon abu ne, wani limamin coci ɗan Suwidin mai suna Olaus Magnus ya rubuta a 1555 cewa mutanen Finland suna sayar wa matuƙan jirgin ruwa iska a ɗaure, ka kwance ƙulli na farko ka samu iska mai daɗi, na biyu mai ƙarfi, na uku kuwa guguwa ce mai kifar da jirgi. A garin Boscastle na yankin Cornwall a Ingila, inda gidan tarihin tsafi yake tun 1960, irin labarin nan ake bayarwa. Kaga a da ma teku da iska ba a raba su, wanda rayuwarsa ke kan kwale kwale abu ɗaya ne a wajensa, rabawar ta zamani ce. Amma rabawar ta fito da wani abu fili, ɓangare ɗaya ya riƙe abinda ya shafi mutum shi kaɗai, ɗayan ya riƙe sama, kuma sama ta kowa ce. Hadarin da ka kora daga kan bikinka gonar wani yake so ya je ko kuma daga gonar wani ka janye shi, ba yadda zaka taɓa shi ba ka taɓa maƙwabci ba.

Daga nan zargi yake shigowa, kuma Turawa sun fi kowa sanin kuɗin da aka biya. Tun wajen shekarar 815 Agobard, babban limamin cocin Lyon a Faransa, ya rubuta yadda manoma suke ba masu cewa suna tare ƙanƙara wani kaso na amfanin gona, da yadda ya tarar an ɗaure mutum huɗu, maza uku da mace ɗaya, za a jefe su wai daga jirgin gajimare suka faɗo, shi ya tsaya ya hana. A Agustan 1562 ƙanƙara ta lalata gonaki a kudancin Jamus, a ƙaramin garin Wiesensteig aka kashe mata fiye da 60 bisa zargin maita. A Sikotland kuwa guguwa ta wahalar da jirgin amaryar Sarki James na shida a 1589, ta kuma taɓa nasa jirgin a hanyar dawowa daga Denmark a 1590, aka kama mutane a North Berwick aka azabtar da su har suka ce sun jefa kyanwa a teku dan tayar da iska. Cikinsu akwai Agnes Sampson, ungozoma ce mai ba da magani, sarkin da kansa ya mata tambayoyi, aka shaƙe ta aka ƙone gawar a Janairun 1591. Wallahi duk sanda na tuna matar nan sai jikina ya yi sanyi, tsohuwa mai karɓar haihuwa aka ce ita ta girgiza teku.

Na san abinda masu tsafin hadari na yau za su ce, kuma ya kamata a saurare su. Da yawansu suna cewa su basa juya yanayi, wai ƙarfin da ke cikin hadari kawai suke ɗiba, kamar yadda ta teku take bin cikowar ruwa, wasu ma suna gargaɗin 'yan uwansu kar su taɓa ruwan sama saboda kar a jawo fari a wani wuri. Na yarda akwai masu wannan taka tsantsan ɗin. Sai dai gargaɗin kansa ya nuna sun yarda za a iya, kuma kasuwa bata tsayawa inda mai hankali ya tsaya. Kasuwar intanet ta eBay ta hana sayar da tsafi tun 2012, takwararta Etsy ma ta tsaurara dokarta a 2015, amma har yanzu amare a Amurka da Ingila suna biyan 'yan daloli a musu aikin hana ruwa ranar biki, mai sayarwa ya maƙala a ƙasa cewa nishaɗi ne kawai. Idan rana ta fito amarya ta hau TikTok tana yabo, idan ruwa ya tsuge ba wanda ya ɗauki bidiyo, toh a haka imanin yake ƙiba, kuma duk wanda ya yarda mutum zai iya riƙe ruwa ranar farin ciki, ranar baƙin ciki zai nemi wanda ya sake shi. Ba ma sai an koma ƙarni na 16 ba, a 2024 bayan guguwar Helene da Milton masu hasashen yanayi a Amurka sun fito suna cewa ana turo musu barazanar kisa daga mutanen da suka yarda wasu ne suke tuƙa guguwar. Ba matsafa ne suka turo barazanar ba, amma tunanin ɗaya ne, sama tana hannun wani mutum kuma sai an nemo shi.

Abinda yasa ban iya kallon bidiyon nan na biyu na wuce ba, na taɓa ganin wannan tunanin da idona. Ina yaro a ƙauyenmu akwai shekarar da aka yi shuka gero ya fito ya kai tsawon ɗan yatsa sai ruwa ya ɗauke wajen kwana ashirin. Kullum da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, mata su fito da tukwane da baho, sai wata iska ta taso ta watsa shi, ƙura kawai. An fita sallar roƙon ruwa sau biyu. Sai aka fara ƙus ƙus a bakin rijiya cewa tsohuwar nan mai daddawa ta bayan gari ce ta ɗaure ruwa, wai dan kalwarta ta bushe, wani yace ya ga ta kifa tukunya a tsakar gida da dare. Iya muke ce mata, mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza ba ko ɗaya, kuma mu yara tana bamu ƙuli ƙuli idan muka kai mata itace. Ranar da aka taru ƙofar gidanta ina cikin yaran da suka yi jifa. Na tuna ƙarar dutse a kan ƙyauren langa langa, na tuna ta leƙo hannunta duk toka tana cewa "'ya'yana me na muku," kuma ni ta kalla dan ni ta fi sani. Liman ne ya zo da sandarsa ya kore mu yana cewa ruwa na Allah ne, ku ji tsoron Allah.

Shi yasa idan Baturiya ta ɗaga igiya a baranda tace ni mayya ce, ita ado ne a wajenta, doka na kare ta, gobe idan ta gaji ta canza lakabi. Amma bidiyon baya tsayawa a Landan, yana sauka a wayar yara a Kano da Maraɗi da Tamale, wuraren da kalmar har yanzu take raba mace da gidanta. A arewacin Ghana akwai sansani irin na Gambaga inda matan da aka kora da zargin maita suke zaune, kuma a Yulin 2020 an lakaɗa wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 duka har ta mutu a garin Kafaba mutane na tsaye suna ɗauka a waya. Matsafiyar teku aƙalla bata ƙara wa wannan wutar itace kai tsaye, rubutunta a yashi yake kuma ruwa ya share. Ta hadarin, ko da bata nufa ba, tana koya wa mai kallo cewa ana iya ɗaure sama da igiya.

Na ba ɗiyar yayata labarin Iya a ranar, tayi shiru sannan tace "Kawu daga baya ruwan ya zo?" Nace ya zo, bayan kamar sati ɗaya, ruwa mai yawa har katangu suka zube, kuma geron ya yi. Amma kafin nan Iya ta riga ta ɗaure kayanta a zani, wani jikanta ya zo da jaki ya tafi da ita garin da 'yarta take aure, kuma bata sake taka ƙauyenmu ba har ta rasu.