Kwanakin da ba mu ƙirgawa su ke cin ribar albasa

Jiya da la'asar na tarar da kawuna zaune bakin mangazarsa a nan Tawa, waya a kunne, yana ta faman "To yanzu kuna ina?" Direba ya ce suna nan inda suke tun shekaranjiya, ana jiran ayari ya haɗu. Albasa ce a motar, daga Galmi aka yi lodinta, Kumasi za ta. Da ya ajiye wayar sai ya shiga abin da kowa ke yi: boda, 'yan duwan, shingaye, duniya ta lalace. Na bari ya huce, sannan na ce, "Kawu, kwana nawa buhunan nan suka yi a ƙasa kafin mota ta zo?" Ya ƙirga da yatsu, ya ce biyar. Na ce, "To waɗannan biyar ɗin wa ya ci maka su?" Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, boko ya ɓata ka." Ya yi dariya, amma bai musa ba.

Mu Adarawa mun iya saye, mun iya sayarwa. Tambayi kowane ɗan kasuwa nawa ya sayi buhu, nawa ya sayar, zai gaya maka har da dalar da ta hau kai. Amma tambaye shi kwana nawa kayan suka yi tsakanin garka da hannun mai saye, kuma nawa kowane kwana ya ci masa, sai ya ce Allah ne masani. Alhali albasa abu ce mai numfashi. Kullum tana rage nauyi, kuɗin da aka ranto yana jiran biya, direba da yaran mota suna cin abinci, dillalin can yana neman wani mai kaya.

Kada wani ya ce na raina wahalar hanya. Nijar ba ta da teku, wannan ba laifin kawu ba ne. Daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano zuwa Yamai, ta Paraku da Malanbil da Gaya da Doso, ya haura kilomita 1,000, kuma ita ce hanyar da muka dogara da ita shekara da shekaru. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba takunkumi, gadar Gaya da ta haɗa Nijar da Benin ta rufe, motoci suka yi jerin gwano kayan ciki na lalacewa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, bodar Kwanni da Illela ta buɗe a watan Maris, amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe. Kaya suka koma ta Lome, su ratsa Burkina, su biyo Dori da Tera cikin ayari da rakiyar sojoji. A wannan hanya mota ba ta tashi don ta cika, sai ranar da aka ce a tashi. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso kuwa, kusan kilomita 140, wanda aka yi bikin tasharsa a 2014, ko buhu ɗaya na ɗan kasuwa bai ɗauka ba. Duk na san wannan.

Amma tunda hanya ta ƙara tsawo, ai kamata ya yi mu ƙara tsantseni a abin da ke hannunmu. Sai ga shi yadda muke lodi lokacin da mota ke isa cikin 'yan kwanaki, haka muke yi yanzu da take iya share mako biyu.

Ku je Galmi ko Madawa lokacin kaka, wajen Maris da Afrilu, ku tsaya ku ga ana cika buhu. A cika shi har baki, a ɗora masa hula, a ɗinke, 'yan dako su ɗaga da ƙyar su jefa cikin mota, wani ya hau kai yana takawa don a samu wurin ƙarin biyu. Ta ƙasa ta riga ta ƙuje tun ba a tayar da inji ba. Wata albasar ma an ba ta ruwa har jajibirin cirewa don ta yi nauyi, an ɗura mata takin zamani fiye da kima, wuyanta bai bushe ba aka yanke ganye. Irin wannan in ta shiga ƙarƙashin tamfol rana ta buga, kwana uku ya isa ta fara tsiyaya. Kuma ba a tsince ba, mai rauni da mai lafiya duk buhu ɗaya. Wake ɗaya ke ɓata gari, balle albasa. Wanda ya taɓa tsayawa bayan motar da ta fara ɗigar ruwan nan baƙi ya san warin, ba ya barin riga.

Sai maganar ajiya. Kowa na sayarwa lokaci ɗaya saboda bashin man injin ban ruwa da na taki na bisa wuya, farashi ya faɗi warwas, bayan damina kuma buhun ya ninka a kan idonmu. Rudu, rumbun ajiyar albasa, muna da shi tun kaka da kakanni, na kara da bunu, a ɗaga shi daga ƙasa iska na ratsawa. Rudu bai gaza ba, mu ne ba mu shiga mu juya, mu fitar da wadda ta fara taɓuwa. A zuba, a rufe, sai wata uku a buɗe a yi salati.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba baƙon ilimi ba ne. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja ɗauko goro a kasuwar Salaga watanni suke yi a hanya bisa jakuna, kuma goro ya fi albasa shagwaɓa. Madugu ya san kowane zango, ya san inda rijiya take, ya san sarkin da za a ba kuɗin hanya da wurin da za a yi fito. A hanya ana kwance huhu, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a fitar da wanda tsutsa ta shiga. Kuma jaki bai tafiya wayam: a tafi da kanwa da tufafi da fatu, a komo da goro. Yau muna da waya da WhatsApp a aljihu, amma mota ta sauke albasa a Akara, babban birnin Gana, ta zauna jiran kayan dawowa da ba wanda ya shirya tun kafin ta tashi. Mai mota ba wawa ba ne, kwanakin zaman nan yana cusa su cikin kuɗin da zai caje ka tun a Galmi.

Wani zai ce ƙaramin ɗan kasuwa ina ya ga ƙarfin wannan tsari. Ban ce a sayi kwamfuta ba. Mutum huɗu su haɗa mota ɗaya, su tsayar da ranar zuwanta kafin a cika buhu ko ɗaya, su sa yaro ɗaya a can ƙasar yana nema mata lodin dawowa. Matsalar dai ba mu yarda da juna, kowa na ɓoye ranar tashinsa kamar ranar aski, wai kada a riga shi kasuwa, ƙarshe duk a haɗu a shinge ɗaya.

Da safen nan na saya wa kawu littafi irin na 'yan makaranta, na ja masa layuka: ranar cirewa, ranar cika buhu, ranar lodi, ranar isa, buhu nawa aka zubar. Ya jujjuya shi, ya miƙa wa ƙaramin ɗansa ya ce, "Ungo, kai ne mai lakkwal, rubuta abin da yayanka ya ce." Yaron ya tambayi ranar da aka cire albasar da ke hanya yanzu. Aka kira mai garka a Galmi, shi ma ya ce sai ya tambayi matarsa, don ya tuna ranar an yi suna a maƙwabta.